Lissafin Labari: Tambayoyi da Amsoshi ga Malamai da Iyaye a Legas

An shirya wannan shafi ne domin malaman firamare da na ƙaramar sakandare, da malaman Islamiyya masu haɗa darussan boko da na addini, da kuma iyayen yara Hausawa mazauna Legas, tun daga Agege da Mile 12 har Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago. Abin da muke nufi da lissafin labari shi ne tambayar da ake ba ɗalibi cikin jimloli, inda ba a gaya masa ko tarawa zai yi ko ɗebewa ba, sai shi da kansa ya karanta ya gano. Farashin da ke cikin misalanmu na koyarwa ne kawai, ba farashin kasuwa na yau ba ne.

Yarona ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, amma da zarar an ba shi tambaya cikin labari sai ya tsaya cak. Mene ne dalili?

Dalilin shi ne an haɗa masa aiki biyu daban-daban a wuri ɗaya. Idan aka rubuta 48 ÷ 6 a kan allo, an riga an yi wa ɗalibi rabin aikin, domin wani ne ya yanke cewa rabawa za a yi, kuma ya jera lambobin yadda ya kamata. Amma idan aka ce an kawo ƙwai 48 za a zuba shida-shida a cikin leda, leda nawa ake bukata, to a nan shi ne zai karanta, ya hango abin da ke faruwa, ya zaɓi aikin da ya dace, kafin ma ya ɗora biro a kan takarda.

A shekarar 1977 wata malama mai bincike a Ostireliya, Anne Newman, ta zauna da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya tana sauraron yadda suke warware irin waɗannan tambayoyi. Ta nuna cewa matakai biyar ne ɗalibi yake bi: karanta kalmomin, fahimtar abin da ake tambaya, mayar da labarin zuwa lissafi, aiwatar da lissafin, sannan rubuta amsar yadda ake bukata. Kusan rabin kurakuran da ta tarar sun faru ne a matakai uku na farko, wato tun kafin a iso ga lissafin kansa.

Ga yaron Bahaushe a Legas abin ya fi nauyi. Yakan tashi da Hausa a gida, ya ji Yarbanci a layi da kasuwa, ya yi wasa da abokansa cikin Turancin buroka, ya karanta Larabci a Islamiyya, sannan a miƙa masa takardar lissafi cikin Turancin littafi, wanda shi ne harshen da ya fi ƙarancin ji a rayuwarsa ta yau da kullum. Saboda haka uban da ya ga ɗansa ya faɗi lissafi ya ƙara masa kuɗin lesin domin a ci gaba da haddar jadawalin ninkawa, sau da yawa yana maganin ciwon da yaron ba shi da shi ne.

To ta yaya malami zai gano ainihin inda ɗalibi ya maƙale?

Ta hanyar zama da shi na minti biyar, da tambaya ɗaya tak, da haƙurin yin shiru. A ɗauki wannan misali: wata mata ta sari kwandon tumatir a Mile 12 a kan naira 36,000, ta biya ɗan dako naira 1,500, ta kasa tumatir ɗin kashi 50, ta sayar da kowane kashi naira 900. Nawa ta ci riba?

Malami ya fara da cewa ɗalibin ya karanta tambayar da ƙarfi. Idan yana tuntuɓe a kan kalmomi, to matsalar karatu ce, kuma babu amfanin ci gaba da maganar lissafi a ranar. Idan ya karanta lafiya, sai a ce ya rufe littafin ya faɗi abin da ake nema da bakinsa. Akwai yaro da zai karanta jimla sumul, amma a tambaye shi me ake so ya nemo ya kasa faɗa. Wanda ya tsallake wannan sai a tambaye shi yadda zai yi ya samo amsar, ba tare da ya fara lissafi ba. A nan ne ake kama mafi yawansu: wani zai manta da kuɗin dako, wani kuma zai tara dukkan lambobi huɗun da ya gani saboda kawai suna cikin tambayar. Bayan haka sai a bar shi ya yi lissafin yana faɗin abin da yake yi, daga ƙarshe ya rubuta amsa cikakkiya, wato ribar naira 7,500, ba 7,500 tsurarta ba.

Abin da ya fi wuya ga malami a wannan zama shi ne ya hana kansa gyara. Da zarar ya ce "a'a, ba haka ba", ɗalibin zai daina tunani ya koma karanta fuskar malam, kuma abin da aka zauna domin ganowa ya ɓace.

A makarantar yarana ana koya musu cewa wasu kalmomi suna nuna aikin da za a yi, misali idan sun ga "more" su tara, idan sun ga "left" su ɗebe. Shin wannan hanya ce mai kyau?

Hanya ce mai saurin ba da sakamako a aji biyu da aji uku na firamare, kuma shi ya sa malamai suke son ta, amma a ganinmu ɓarnarta ta fi amfaninta nesa ba kusa ba. Ga misali: Sani yana da lemo 12, ya fi Garba da lemo 4, lemo nawa Garba yake da su? A Turance wannan jimla tana ɗauke da kalmar da aka ce wa yaro tana nufin tarawa, saboda haka zai rubuta 16, alhali amsar ita ce 8. Ita kuma ɗaya kalmar, wato "left", tana iya nufin abin da ya rage, tana iya nufin wani ya tashi ya tafi, tana kuma iya nufin hagu, kuma duka ukun suna fitowa a cikin littattafan lissafi.

Babbar illar ma ba kuskure ɗaya ko biyu ba ce. Illar ita ce yaro ya koyi cewa ba sai ya karanta labarin ba, ya tsinci lambobi da kalma ɗaya ya haɗa su kawai. A wajajen 1980 masu bincike a birnin Grenoble na Faransa sun ba yara ƙanana 97 wannan tambaya: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 76 daga cikinsu sun ba da amsa ta hanyar haɗa lambobin, da yawa suka ce 36. Waɗannan yara ba wawaye ba ne; idan aka yi musu tambayar a tsakar gida za su yi dariya. Makaranta ce ta koya musu cewa kowace tambayar lissafi tana da amsa, kuma amsar tana fitowa ne daga lambobin da aka bayar. Duk malamin da yake shakka ya gwada wannan tambaya a ajinsa, ya mayar da ita tirelar shanu da ta taso daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba, ya tambayi shekarun direba, ya ga abin da zai samu.

Wannan ba ya nufin kada a koyar da kalmomin lissafi. Dole ne ɗalibi ya san ma'anar riba da faɗuwa da ragi da kuɗin ruwa da matsakaici a Turance. Amma a koya masa su a matsayin kalmomi masu ma'ana a cikin jimla, ba a matsayin umarnin tarawa ko ɗebewa ba.

Ya halatta malami ya yi bayani da Hausa, tunda jarrabawa da Turanci za a yi ta?

Ya halatta, kuma a matakin fahimtar labari shi ne ya fi. Shaida mafi kusa ta fito ne daga nan ƙasar Yarbawa. Farfesa Babs Fafunwa, haifaffen Legas wanda ya riƙe muƙamin ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992, ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci na tsawon shekara shida, Turanci kuma ana koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Sakamakon ya nuna cewa waɗannan yara ba su koma baya ba, har a Turancin ma.

Akwai kuma wani bincike na 1983 a Amurka da ya nuna yadda sauya lafazi kaɗai yake sauya sakamako. An nuna wa yara ƙanana tsuntsaye biyar da tsutsa uku. Da aka tambaye su da nawa tsuntsayen suka fi tsutsar yawa, da yawa suka kasa. Da aka ce kowane tsuntsu zai ɗauki tsutsa ɗaya, tsuntsaye nawa ne ba za su samu ba, sai kusan dukkansu suka ci. Lissafin bai canja ba, biyar a ɗebe uku ne a duka biyun. Idan har wannan ya faru ga yaran da ake tambaya cikin harshen uwarsu, to ina ga wanda ake tambaya cikin harshensa na uku ko na huɗu?

Sai dai a kiyaye iyaka. Manufar ba ita ce malami ya fassara kowace tambaya ya miƙa wa ɗalibi ba, domin ranar jarrabawa babu mai fassara. Tsarin da ya fi shi ne ɗalibi ya karanta da Turanci, ya ba da labarin da Hausa da bakinsa, ya warware, sannan ya rubuta amsar cikin jimlar Turanci. Shi ne zai yi fassarar, malami yana saurare yana gyara inda ma'ana ta kauce. A yawancin makarantun gwamnati na Legas malamin ba ya jin Hausa, kuma tun 2018 dokar jiha ta wajabta koyar da Yarbanci, wanda ya ƙara wa yaranmu harshe ɗaya a cikin jakar makaranta. Duk da haka malamin da ba ya jin Hausa yana iya haɗa yara Hausawa biyu-biyu ya ba su minti biyu su ba juna labarin da harshensu, sannan ɗaya ya miƙe ya faɗa wa aji da Turanci. Abin da bai dace ba shi ne a hukunta yaro don ya yi magana da harshensa alhali yana ƙoƙarin fahimtar darasi ne.

'Yata tana tsaron shago bayan makaranta, kuma ba a taɓa cutarta a canji ba. Me ya sa take faɗuwa lissafi a aji?

Wannan abu sananne ne ga masana. A 1985 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Recife na Brazil a kan yara masu talla. A bakin sana'arsu sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin ciniki daidai. Da aka ba su irin lissafin a matsayin labari a takarda suka sauko zuwa kusan kashi 74, da aka ba su lambobi zalla kuma suka faɗo zuwa kusan kashi 37. Yaran da aka yi binciken da su kaɗan ne, amma duk wanda ya taɓa sayen albasa a hannun ɗan shekara goma a Mile 12 ya ga irin wannan da idonsa.

A shago 'yarku ta san abin da lambobin suke nufi, ta kuma san abin da zai biyo baya idan ta yi kuskure. Tana da dabarunta: idan an sayi kayan naira 650 aka ba ta dubu, ba ta jera lambobi ta yi aro, sai ta cika hamsin ya zama ɗari bakwai, ta ƙara ɗari uku. Wannan lissafi ne sahihi. Aikin malami shi ne ya tambaye ta yadda za ta yi da a shago ne, ya rubuta dabarar tata a kan allo da lambobi da alamomi, ya nuna mata cewa abin da littafi yake nema da abin da ta saba yi abu ɗaya ne.

Yaya darasi mai kyau na lissafin labari yake gudana?

Yana farawa da jinkirta lambobi. Malami ya rubuta labarin a allo ya bar gurbin lambobin: Hauwa da Bilkisu sun tara wasu kuɗi a asusu, kuɗin Hauwa ya ninka na Bilkisu. Sai ya tambayi aji su wa ake magana a kai, wa ya fi kuɗi, me za a iya tambaya a kan wannan labari. Tunda babu lambar da za a cafke, dole kowa ya saurari labarin. Bayan an tattauna sai a cika gurabun: jimillar kuɗin naira 8,400 ce, na Hauwa ninki uku ne na na Bilkisu, nawa kowacce take da shi?

Daga nan sai zane. Ba zanen mutane ko asusu ake nufi ba, zanen sanduna ne masu wakiltar yawa, dabarar da ma'aikatar ilimi ta Singafo ta shigar cikin manhajar firamarenta a farkon shekarun 1980, daga baya ta bazu zuwa ƙasashe da dama. A zana akwati ɗaya a ce kuɗin Bilkisu ne, a zana uku masu girma ɗaya a ƙarƙashinsa a ce na Hauwa ne. Yaro yana dubawa zai ga akwati huɗu ne suka yi naira 8,400, saboda haka kowane ɗaya naira 2,100 ne, na Hauwa kuma naira 6,300. Ɗalibin da bai yi zane ba yakan raba 8,400 gida uku saboda ya ga kalmar uku, ya sami 2,800, kuma ba shi da hanyar gane cewa ya kauce. Wannan zane ba ya bukatar komai sai alli, kuma shi ne gadar da za ta kai yaro ga aljabara a ƙaramar sakandare, inda akwatin zai koma harafin x.

Mataki na ƙarshe, wanda aka fi tsallakewa saboda ƙararrawa ta kusa kaɗawa, shi ne a mayar da amsa cikin labarin a ga ko ta zauna. Shin 2,100 da 6,300 sun haɗu sun ba da 8,400? Shin ɗaya ninki uku ne na ɗayan? Masanin lissafi George Pólya, a littafinsa na 1945 a kan warware matsaloli, ya sanya wannan waiwaye a matsayin na huɗu cikin matakansa, bayan fahimta da tsarawa da aiwatarwa. Gara aji ya yi tambaya biyu da irin wannan zurfi a minti arba'in da ya kwafi goma daga allo.

Shin tambayoyin suna da nau'o'i da ya kamata malami ya sani?

Suna da su. A tarawa da ɗebewa akwai labarin canji, inda abu yake ƙaruwa ko raguwa; akwai labarin haɗi, inda ɓangarori biyu suke yin jimilla; akwai kuma labarin kwatanci, inda ake auna abu biyu da juna. Kwatanci ne ya fi ba yara wahala. Haka nan wahalar tambaya tana sauyawa gwargwadon inda abin da ba a sani ba ya faɗo. Idan aka ce Musa yana da naira 500 ya kashe 200, saura nawa, kowa zai amsa. Idan aka ce Musa ya kashe naira 200 saura 300 a aljihunsa, nawa ya fito da su daga gida, sai a ga rabin hannuwan sun sauka, domin labarin yana maganar kashewa amma tarawa ake bukata. Malami ya duba littafin da yake amfani da shi, idan duk tambayoyinsa na nau'i mai sauƙi ne ya ƙirƙiro sauran da kansa.

Ɗalibaina suna yin lissafin daidai amma amsar ba ta da ma'ana. Me zan yi?

Wannan ma tsohon ciwo ne. A wata jarrabawar ƙasa da aka yi wa 'yan shekara 13 a Amurka a farkon shekarun 1980, an tambayi bas nawa ake bukata domin kwashe sojoji 1,128 idan kowace bas tana ɗaukar 36. Kusan kashi 70 cikin 100 sun yi rabawar daidai, amma kashi 23 kacal suka ce bas 32. Amsar da aka fi bayarwa ita ce "31 saura 12".

Yaron Legas ya san cewa babu danfo uku da saura takwas a tasha. Idan ɗalibai 50 za su je yawon buɗe ido, kowace danfo tana ɗaukar 14, to danfo huɗu za a ɗauka. Amma idan tela yana da yadi 50 kuma kowane saitin kayan biki yana cin yadi 14, to saiti uku kawai zai fitar, sauran yadi takwas su koma ajiya. Lissafin ɗaya ne, labarin ne yake yanke hukunci a kan saura. A riƙa ba ɗalibai irin waɗannan tagwayen tambayoyi a jere, a bar su su yi gardama a kai.

Wata al'ada mai amfani ita ce kintace kafin lissafi. Gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tana da tsawon kilomita 11.8. Idan mota tana gudun kilomita 60 a awa, minti nawa za ta yi ta tsallake? Ɗalibin da ya ninka lambobin biyu zai rubuta minti 708, wato kusan awa 12, wanda ko cunkoson safiyar Litinin bai kai ba. Da an tambaye shi tun farko ko amsar za ta fi awa ɗaya ko ba za ta kai ba, da shi da kansa ya ƙi yarda da abin da ya rubuta, ya sake duba ya samo kusan minti 12.

Mu makarantar Islamiyya ce. Akwai abin da za mu iya yi a namu ɓangaren?

Akwai, kuma kuna da gado a wannan fanni fiye da yadda ake zato. Ilimin rabon gado lissafin labari ne tsantsa: ana ba da bayanin wanda ya rasu da waɗanda ya bari, mai rabo ya tantance wanda yake gada da wanda aka katange, sannan ya fitar da kason kowa bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Littafin Alkhawarizmi na aljabara, wanda ya rubuta a Bagadaza a wajajen shekara ta 820, babban ɓangarensa tambayoyin wasiyya da gado ne, kuma cikin jimloli aka rubuta su, babu alamomin da muke amfani da su yau.

Ɗalibin aji shida yana iya warware wannan: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 240,000 ne. Matar tana da ɗaya bisa takwas, wato naira 30,000. Saura naira 210,000 a raba gida uku, 'yar ta ɗauki 70,000, ɗan ya ɗauki 140,000. A cikin wannan tambaya ɗaya akwai kaso, akwai rabo bisa gwargwado, akwai kuma dole a karanta a tsanake, domin da babu 'ya'ya kason matar ɗaya bisa huɗu ne. Zakkar kuɗi ma, ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi shekara ta zagayo, ita ce kashi 2.5 cikin 100 da suke gani a littafin boko. Bayanin hukuncin shari'a aikin malamin fiƙihu ne, amma lissafin nasa da na malamin boko abu ɗaya ne.

Ban yi karatun boko ba. Ta yaya zan taimaka wa ɗana a gida?

Ku ce ya karanta tambayar, sannan ya ba ku labarinta da Hausa. Idan kun fahimci labarin daga bakinsa, to shi ma ya fahimta. Idan ba ku fahimta ba, ku ce ya sake karantawa. Yawancin iyaye 'yan kasuwa za su iya fitar da amsar da ka da zarar sun ji labarin, sai ku gwada taku da tasa. Ku kuma riƙa jefa masa tambayoyi daga hidimar gida, kamar derika nawa na shinkafa za a samu idan an ba shi naira kaza, ko nawa zai rage a katin Cowry na biyan kuɗin bas bayan zuwa da dawowa na kwana biyar. Kada ku karɓi lamba kawai, ku tambaye shi yadda ya yi ya same ta.

Ajina ya cika maƙil. Ina zan sami lokacin duk wannan?

Ba kowace rana ake yin komai ba. Tambaya ɗaya a farkon darasi, a karanta ta tare, kowa ya ba na kusa da shi labarin, kowa ya yi zane a littafinsa, malami ya zagaya ya zaɓi zane biyu masu saɓa wa juna ya kai allo. Zaman mutum ɗaya-ɗaya kuma a keɓe shi ga ɗalibai uku ko huɗu a mako, a fara da waɗanda suka fi shiru.

Yaya wannan ya shafi jarrabawar WAEC da NECO da JAMB?

Ya shafe su kai tsaye. Takardar lissafi ta WAEC, hukumar da aka kafa a 1952 wadda babban ofishinta na Nijeriya yake Yaba, kashi biyu ce: tambayoyi 50 na zaɓi, da takardar rubutu inda ake amsa 10 cikin 13. Rahotannin manyan masu duba takardun hukumar sun sha ambaton gazawar ɗalibai wajen mayar da labari zuwa jimlar lissafi a cikin manyan raunin da suke gani. A takardar rubutu ana ba da maki ga hanyar da aka bi, ba ga amsar ƙarshe kaɗai ba, saboda haka ɗalibin da ya rubuta abin da harafinsa yake wakilta ya kuma kafa lissafin daidai ya riga ya sami wani abu ko da ya yi kuskure daga baya. A JAMB kuwa tambayoyi 180 ne na dukkan darussa cikin awa biyu a kwamfuta, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai, kuma mai karatu a hankali lokacinsa yakan ƙare kafin iliminsa ya ƙare. Tun kafin waɗannan akwai jarrabawar shiga makarantun tarayya irin su King's College da Queen's College, wadda NECO take shiryawa ga 'yan aji shida, ita ma cike take da lissafin labari. Tsofaffin takardun jarrabawa suna da amfani wajen sabawa da lafazin masu tambaya, amma ba za su gina fahimtar da ba a gina a firamare ba.

Zan iya barin yaro ya yi amfani da kalkuleta ko manhajar waya mai warware tambaya?

Kalkuleta ba ta da laifi idan lambobin manya ne kuma ɗalibin ya riga ya faɗi aikin da zai yi da dalilinsa. Manhajar da ake ɗaukar hoton tambaya ta fitar da amsa kuwa tana yi masa daidai ɓangaren da ya kamata ya koya, wato karantawa da yanke shawara. Idan za a yi amfani da ita, a yi bayan ya gama nasa, domin gwadawa.

Mun gwada duk waɗannan amma har yanzu yaron bai motsa ba. Me ya rage?

A koma matakin farko a duba karatunsa shi kaɗai, ba tare da lissafi ba. A ba shi sakin layi daga littafin ajin da ke ƙasa da nasa ya karanta da ƙarfi, sannan a karanta masa tambayar lissafi da baki a ga ko zai warware. Idan yana warwarewa in an karanta masa amma yana kasawa in shi ya karanta, to darasin karatu yake bukata, minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum, daga littafin da ya dace da matakinsa ba da ajinsa ba. A kuma kai shi asibiti a gwada idonsa da kunnensa, domin yaron da ba ya ganin allo daga bencin baya ba kasafai yake faɗa ba, musamman idan yana tsoron a yi masa dariya. Idan ido da kunne lafiya suke, an kuma ɗauki zango biyu ana taimaka masa a karatu amma har yanzu yana juya haruffa ko yana kasa riƙe ƙananan lambobi a ka, sai iyaye su zauna da shugaban makaranta su nemi a tura shi wurin ƙwararre a kan matsalolin koyo, su tafi da littattafan aikinsa na zangon da ya wuce domin a ga irin kurakuran da yake maimaitawa.